Susana Wesley (1669-1742): Uwa Tsakanin Jariri da Ɗan Yaye

Duk wanda ya saba zuwa sujadar safiyar Lahadi a Kafanchan, ko Kagoro, ko Kwoi, ya san wata mace da ba a rasa ta a kowace majami'a. Takan shigo a makare, ta nemi bencin baya kusa da ƙofa, jariri na goye a bayanta, ɗan shekara biyu kuma yana riƙe da gefen zaninta. Kafin a gama waƙar farko na bayan ya farka yana neman nono. Kafin fasto ya buɗe Littafi Mai Tsarki na ƙasan ya ce fitsari. Rabin wa'azin daga waje take jinsa, in ma ta ji. In ta koma gida ga wanki, ga girki, ga ɗiban ruwa, gobe Litinin kuma aji, ko asibiti, ko gonar citta na jiranta. Da yawa cikin irin waɗannan mata suna ɗauke da wata damuwa da ba su cika faɗa wa kowa ba. Suna ganin kamar shekarun goyo da yaye sun raba su da aikin Ubangiji, har da addu'a ma.

Tarihin ikkilisiya yana da wata mace wadda ta yi shekara 19 a cikin wannan hali, daga ciki sai jego, daga jego sai ciki. Sunanta Susana Wesley, mahaifiyar John Wesley da Charles Wesley, waɗanda Allah ya yi amfani da su wajen babbar farkawar ƙarni na 18 a ƙasar Ingila. An fi saninta ta wurin 'ya'yan nan biyu, amma rayuwarta ta yau da kullum a tsakanin ƙananan yara ita ce abin da iyaye za su fi ƙaruwa da shi.

Asalinta da aurenta

An haifi Susana a birnin Landan ran 20 ga Janairu 1669. Mahaifinta, Dokta Samuel Annesley, sanannen mai wa'azi ne, yana cikin limamai wajen 2,000 da aka raba da majami'unsu a 1662 domin sun ƙi yarda da dokar da ta tilasta wa kowa bin tsarin sujadar Ikkilisiyar Ingila. Ita ce auta a gida mai 'ya'ya 25. A zamanin da ba a damu da karatun 'ya'ya mata ba, mahaifinta ya sake mata ɗakin littattafansa. Ta yi karatu sosai, har kafin ta cika shekara 13 ta auna gardamar da ke tsakanin ɓangaren mahaifinta da Ikkilisiyar Ingila, ta zaɓi komawa Ikkilisiyar Ingila. Uban bai tsine mata ba, bai kuma hana ta ba. Tun a lokacin nan ta ɗora wa kanta wata ƙa'ida, cewa lokacin da za ta ɓata a wasa ba zai wuce wanda za ta ba addu'a da karatun Maganar Allah ba.

A watan Nuwamba 1688, tana da shekara 19, ta auri Samuel Wesley, matashin limami mai ilimi da son rubutu, amma mai saurin fushi, wanda kuɗi ba su zama a hannunsa. Sun fara zama a Landan, inda aka haifi ɗan farinsu, Samuel ƙarami, a Fabrairu 1690. Daga nan suka koma wani ƙauye mai suna South Ormsby a kan albashin fam 50 a shekara. A 1697 suka tare a Epworth, wani gari a tsakiyar fadama a lardin Lincoln, inda Samuel ya yi aikin limami har mutuwarsa. Gidan limamin na katako ne da rufin ciyawa. Albashi ya ƙaru, amma bashin da suka zo da shi bai taɓa rabuwa da su ba, mutanen garin kuma ba su ƙaunaci limami mai tsananin horo ba.

Haihuwa 19, kabari 9

Daga 1690 zuwa 1709 Susana ta haifi 'ya'ya 19. Abin da Hausawa ke kira kwanika, wato samun ciki tun ba a yaye na hannu ba, shi ne zamanta kusan dukan waɗannan shekaru. Tara daga cikin yaran suka mutu tun suna jarirai, har da tagwaye sau biyu. Goma suka rayu, maza uku da mata bakwai: Samuel, Emilia, Sukey, Molly, Hetty, Nancy, John, Patty, Charles da Kezia.

Ko waɗanda suka rayu ɗin ma ba da sauƙi aka raine su ba. Samuel ƙarami bai yi magana ba sai da ya kusa shekara biyar, har gida ya fara fid da rai. Molly ta ji rauni tun tana jaririya, ta tashi da nakasa. Charles, wanda aka haifa a Disamba 1707, bakwaini ne, a cikin ulu aka naɗe shi makonni da dama kafin ya buɗe ido ya yi kuka kamar sauran jarirai. Ita kanta uwar ta sha kwanciya rashin lafiya, domin jikin da bai huta ba tsakanin haihuwa da haihuwa dole ya nuna.

Ga wannan nauyi sai aka ƙara mata na miji. A 1702 Samuel ya lura matarsa ba ta cewa amin idan ya yi wa Sarki William addu'a a sujadar iyali, domin ita a ganinta ba shi ne halattaccen magajin sarauta ba. Maimakon su zauna su fahimci juna, sai ya rantse cewa muddin sarakunansu biyu ne, to, makwancinsu ma biyu ne. Ya hau doki ya tafi, ya bar ta da ƙananan yara shida. Watanni suka wuce. Sai da gobara ta cinye yawancin gidan a watan Yuli na shekarar nan ya dawo ya zauna. John Wesley, wanda aka haifa a Yuni 1703, shi ne ɗan wannan sulhu.

Shekarar 1705 ta fi duka ɗaci. John bai cika shekara biyu ba aka sāke haihuwar ɗa namiji a watan Mayu, daidai lokacin zaɓen 'yan majalisa. Samuel ya goyi bayan ɓangaren da yawancin mutanen garin ba sa so. Wata rana da dare taron jama'a suka kewaye gidan da kiɗa da ihu da harbin bindiga har tsakar dare ta wuce. Jaririn, ɗan mako uku, yana wurin mai raino. Hayaniya ta hana matar barci, da gari ya yi tsit kuma barci mai nauyi ya kwashe ta, ta danne yaron. Da safe gawarsa aka kai wa uwar tun ba ta gama farkawa ba. Ba a yi nisa ba aka kama Samuel a kan bashin da bai kai fam 30 ba, aka kulle shi a kurkukun Lincoln wajen wata uku. A cikin wannan lokaci magabta suka sassari shanun da iyalin ke samun madara daga gare su. Susana ta aika wa mijinta da zobbanta domin ya sayar ya ci abinci, shi kuwa ya mayar mata da su. Da Babban Bishop na York, John Sharp, ya tambaye ta ko ta taɓa rasa abinci ƙaƙaf, ta amsa masa da gaskiya cewa ba ta taɓa rasawa ba, amma wahalar nemansa kafin a ci, da ta biyan kuɗinsa bayan an ci, ba ta da nisa da rashin.

Yadda ta tsara yini

A cikin irin wannan gida ne Susana ta kafa tsarin renon da ya sa har yau ake tunawa da ita. An san tsarin dalla-dalla domin John ya roƙe ta ta rubuta masa, ta kuwa rubuta a wata doguwar wasiƙa ran 24 ga Yuli 1732.

Tun daga haihuwa takan sa jariri a kan lokaci: lokacin wanka, lokacin sauya tufafi, lokacin kwanciya. Bayan wata uku na fari, akan kwantar da shi ido biyu a gadon jarirai mai lilo, a yi ta lila shi har ya yi barci, sa'a uku da safe, sa'a uku da rana. Yana girma ana ragewa zuwa sa'a biyu, har ya daina bukatar barcin rana. Amfanin wannan a bayyane yake ga duk uwar da ta taɓa riƙe jariri da ɗan yaye tare. Idan ta san sa'ar da ƙaramin zai kwanta, ta san sa'ar da za ta juya ga babban.

Yaron da ya yi ƙwari yakan ci abinci sau uku a yini. An yi wa yaran ƙaramin tebur da kujeru kusa da na iyayensu, inda ido zai riƙa kai musu. Suna ci su ƙoshi, amma abin da aka dafa wa kowa shi za su ci, ba kuma ciye-ciye tsakanin abinci da abinci sai ga marar lafiya. Wannan ya sa ko magani mai ɗaci aka ba su sukan sha ba gardama. Da ƙarfe 6 na yamma ake sujadar iyali, sai abincin dare. Ƙarfe 7 a fara yi musu wanka daga ƙarami zuwa babba. Ƙarfe 8 kowa yana kan gadonsa, ba wanda ake zama a gefensa ana jira sai ya yi barci.

Tarbiyyar ruhaniya ma tun kafin baki ya buɗe take farawa. Yaron da bai iya magana ba ana koya masa ya natsu lokacin addu'a, ya kuma roƙi albarka da alamar hannu. Da zarar ya fara haɗa kalmomi sai a koya masa Addu'ar Ubangiji, yana yi safe da dare, sannan a ƙara masa gajeriyar addu'a domin iyayensa da 'yan ayoyi gwargwadon ƙarfinsa. Ba a ba yaro abin da ya nema da kuka. Dole ya roƙa da ladabi, ko da wurin 'yar aikin gida ne. Ba a kuma yarda yara su kira juna da gatsal ba, sai an haɗa da kalmar ɗan'uwa ko 'yar'uwa, kamar yadda gidajen ƙasar nan ke koya wa ƙane ya ce Yaya.

Karatu kuwa sai yaro ya cika shekara biyar. Tun a ranar uwar takan gyara gida, kashegari kuma ta hana kowa shiga ɗakin daga ƙarfe 9 zuwa 12, da kuma daga 2 zuwa 5, ta zauna da shi har ya san baƙaƙe duka. Yawancinsu a yini ɗaya suka iya, Molly da Nancy ne kaɗai suka ɗauki yini ɗaya da rabi. Daga nan sai surar farko ta Littafin Farawa, aya bayan aya. Sa'a shida a kowace rana ta aiki, shekara wajen 20, haka ta koyar da 'ya'yanta, sau da yawa da ciki ko da jariri a gefe. Wata rana mijinta ya ƙirga sau nawa ta maimaita wa yaro abu ɗaya, ya tarar sau 20, ya yi mamakin haƙurinta. Ta nuna masa cewa da ta tsaya a na 19, da dukan wahalar ta tafi a banza, gama na ƙarshen ne ya kama.

Akwai waɗansu ƙa'idodi da ta ɗaure kanta da su, waɗanda suka nuna adalcinta ga yara. Ta lura cewa tsoron duka ne ke koya wa yaro ƙarya, saboda haka wanda ya faɗi laifinsa da bakinsa, ya yi alkawarin gyarawa, ba a dukansa. Ba a hukunta yaro sau biyu a kan laifi ɗaya, ba a kuma yi masa gori da shi bayan ya gyara. In ya yi biyayya, musamman a kan abin da ransa ba ya so, sai a yaba masa. In ya yi ƙoƙarin faranta wa iyaye rai amma aikin bai yi kyau ba, a karɓi niyyarsa, a nuna masa hanya da taushi. Abin da yake na wani yaro nasa ne, ko da darajarsa ba ta wuce anini ba, kuma kyautar da aka bayar ba a ƙwace ta. Ta kuma hana a koya wa 'ya mace ɗinki sai ta iya karatu sosai, domin ta ga yadda gaggawar sa 'yan mata aikin hannu ke barin mata da yawa ba su iya karatu ba.

Gobara da abin da ta koya mata

Ran 9 ga Fabrairu 1709, da tsakar dare, wuta ta sāke kama gidan. A lokacin Patty ba ta cika shekara uku ba, Charles yana da wata 14, Susana kuma tana da cikin wata takwas, ga rashin lafiya. Mai raino ta sunkuci Charles ta ce wa sauran yaran su biyo ta. Susana ba ta iya hawa taga ba. Sau uku tana nufar ƙofa wuta na mayar da ita, a ƙarshe ta yi addu'a ta ratsa ta cikin harshen wutar, ta fita da ƙuna a hannu da fuska. Da aka duba yara sai aka ga babu John, ɗan shekara biyar, wanda barci ya riƙe a bene. Uban ya yi ƙoƙarin hawa, matakala ta gagara, ya durƙusa ya miƙa ran yaron ga Allah. Sai ga yaron a taga, ya taka akwati. Wani maƙwabci ya hau kafaɗar wani ya fizgo shi, rufin kuma ya rufta nan take. Har tsufansa John yakan kwatanta kansa da itacen nan da aka fizge daga wuta a Zakariya 3:2. Wata ɗaya bayan gobarar aka haifi Kezia, autar gidan.

Gida da littattafai da takardu duk sun ƙone. Dole aka rarraba yaran a gidajen dangi da maƙwabta kusan shekara guda. Da aka sāke tara su a sabon gida, uwar ta tarar da abin da ya fi hasarar kaya yi mata zafi. Yaran sun koyo baƙar magana da rashin ladabi, sun daina girmama ranar Ubangiji. Aikin shekaru ya warware a cikin 'yan watanni. Ba ta zauna kuka ba, ta sāke farawa. Ta ƙara rera Zabura a farkon karatu da ƙarshensa. Ta kuma haɗa yaran biyu-biyu, babba da ƙarami, kowace safiya da yamma babban ya karanta wa ƙaramin Zabura da sura guda. Ta haka manyan suka zama hannunta na biyu, ƙananan kuma suka sami mai kula da su sa'ad da jaririya ta riƙe uwar.

Wajen 1711 'yarta Emilia ta karanta mata labarin masu bishara biyu da Sarkin Danmak ya aika zuwa Tranquebar a kudancin Indiya. Labarin ya taɓa ta ƙwarai. Ta ga cewa ko da yake ita mace ce, ba limami ba, ba za ta kuma ƙetare teku ba, akwai rayukan da aka danƙa a hannunta. Sai ta raba maraicen mako a tsakanin 'ya'yanta: Litinin na Molly, Talata na Hetty, Laraba na Nancy, Alhamis na John, Jumma'a na Patty, Asabar na Charles, Lahadi kuma na Emilia da Sukey. Kowane ɗa yana da lokacin da uwar take tasa shi kaɗai, ta ji damuwarsa, ta yi masa magana a kan ransa. Charles bai wuce shekara huɗu ba a lokacin, amma yana da nasa maraicen. Shekara 20 bayan haka, John yana malami a Jami'ar Oxford, ya rubuto yana roƙonta ta ci gaba da keɓe masa ɗan lokacin nan na daren Alhamis.

A hunturun 1711 zuwa 1712 Samuel yana Landan wurin babban taron limamai, wanda ya bari a madadinsa kuma ba ya ciyar da garken. Susana ta fara tara yaranta da masu aikin gida a ɗakin girki kowace Lahadi da yamma, su rera Zabura, su yi addu'a, ta karanta musu wa'azi daga littafi. Maƙwabta suka roƙi shiga, har taron ya haura mutum 200. Mataimakin limamin ya kai ƙara. Da mijin ya rubuto yana nuna damuwa, ta amsa masa da ladabi cewa in yana so a daina, ya ba da umarni a fili, domin alhakin rayukan ya koma wuyansa a ranar shari'a. Bai ba da umarnin ba. John yana da shekara takwas yana kallon wannan duka.

Abin da ba za a kwafa ba

Ba daidai ba ne a mai da Susana mala'ika. Ta gaskata cewa dole a karya taurin kan yaro da wuri, har ta rubuta cewa 'ya'yanta tun suna shekara ɗaya, waɗansu ma kafin haka, an koya musu tsoron bulala da yin kuka a hankali. Wannan tunanin zamaninta ne, kuma bai kamata a bi shi ba. Jariri ba shi da wani harshe sai kuka. Da shi yake faɗin yunwa, da zazzaɓi, da ciwon ciki. Dukansa ko girgiza shi da ƙarfi na iya yi masa lahanin da ba ya gyaruwa. Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21 sun gargaɗi iyaye a kan tsokanar 'ya'ya da karya musu zuciya.

Haka kuma yawan haihuwa ba hutu ya ci lafiyarta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawara a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a sāke ɗaukar ciki, a kuma shayar da jariri nonon uwa zalla wata shida na fari. Kakanni a ƙasar nan sun san hikimar wannan tun da daɗewa, shi ya sa suke goyo shekara biyu kafin yaye. A 1712 yara biyar a gidan Susana suka kamu da cutar agana, ba ta da abin yi sai jinya da addu'a. Yau an kawar da wannan cuta daga duniya tun 1980 ta hanyar rigakafi. Uwar da ke da asibiti kusa da ita, ta kuma ƙi kai ɗanta allura, ta ƙi wata baiwa da Susana ba ta samu ba.

Tsarinta kuma bai sayo wa 'ya'yanta rayuwa mai daɗi ba. 'Yan matan sun yi ilimi fiye da matan zamaninsu, amma talauci ya tsare su a ƙauye. Hetty, wadda ta fi su kaifin basira, ta gudu da wani saurayi a 1725, ta dawo da ciki, aka aurar da ita ga mutumin da bai dace da ita ba, uban kuma ya daɗe bai yafe mata ba. Sukey da Patty sun sha wuya a hannun mazajensu. Molly ta mutu wajen haihuwa a 1734. Iyaye suna shuka ne, suna ban ruwa, girma kuwa na Allah ne, kuma kowane ɗa zai yi nasa zaɓi.

Ƙarshen kwanakinta

Samuel ya rasu ran 25 ga Afrilu 1735, ya bar bashi. Susana ta bar gidan Epworth ta riƙa zama wurin 'ya'yanta bi da bi. A shekarar nan John da Charles suka nemi izininta su tafi aikin bishara a Georgia ta Amurka, ta sake su da farin ciki, ko da yake gwauruwa ce marar abin hannu. Shekarunta na ƙarshe ta yi su a Landan, a gidan da John ya mai da cibiyar aikinsa. A can ne, sa'ad da John ya zo a fusace zai hana wani saurayi mai suna Thomas Maxfield yin wa'azi domin ba limami ba ne, ta ce masa ya saurari saurayin tukuna. Ya saurara, ya janye. Daga nan ƙofa ta buɗe ga masu wa'azi waɗanda ba a naɗa ba, su ne kuwa suka kai farkawar ƙauye-ƙauye.

Ta rasu ran 23 ga Yuli 1742 tana da shekara 73. Roƙonta na ƙarshe shi ne 'ya'yanta su rera Zabura ta yabo da zarar ta cika, suka kuwa yi. Aka binne ta a maƙabartar Bunhill Fields, John ya yi wa'azi a bakin kabarin. Charles ya rubuta waƙoƙin sujada fiye da 6,000, waɗansunsu an juya su zuwa Hausa, ana rera su a majami'u lokacin Kirsimeti da Ista. Shekara 100 bayan mutuwarta, ran 24 ga Satumba 1842, Thomas Birch Freeman na Ikkilisiyar Metodis ya sauka a Badagry da bishara.

Abin da ya rage wa iyalai

Susana ba ta jira gida ya lafa ba kafin ta fara tarbiyya, domin gidanta bai taɓa lafawa ba. Abin da ta riƙe ƙanana ne, ana maimaita su kullum: sa'ar barci, sa'ar abinci, gajeriyar addu'a safe da dare, da maraice guda ga kowane ɗa. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi dacewa da gidan da aka yi sabuwar haihuwa. Ɗan shekara biyun da jiya shi ne a baya, yau ya ga wani ya karɓe masa wuri, baƙi kuma suna zuwa barka ba mai kallonsa. Rigimarsa, da komawarsa fitsarin kwance, da tsunkulin jariri, yawanci neman uwarsa yake yi. Minti 15 da zai san nasa ne shi kaɗai, kowace rana sa'ad da jaririn ya yi barci, sun fi tsawa goma magani.

Sai dai a tuna, ko a cikin talaucinta Susana tana da mai raino da 'yan aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matar da ke koyarwa a Kafanchan nesa da uwarta da surukarta tana bukatar Zumuntar Mata ta zama mata dangi, ba a ranar suna kaɗai ba, har watannin da ke biye. Maza kuma su dubi Samuel Wesley su ji tsoro. Mutum ne mai ilimi, mai kishin Allah, amma fushinsa, da bashinsa, da tafiye-tafiyensa sun bar wa matarsa kayan mutum biyu. Yi wa ɗan yaye wanka, da goya masa baya zuwa Makarantar Lahadi, da jagorantar sujadar iyali, ba su rage wa namiji girma, ko shi dattijon ikkilisiya ne ko fasto.

Ishaya 40:11 ya kwatanta Ubangiji da makiyayi mai ɗaukar 'yan raguna a ƙirjinsa, mai bi da masu shayarwa a hankali. Matar nan ta bencin baya, wadda rabin wa'azi ke wuce ta, tana cikin waɗanda ake bi da su a hankali, kuma abin da take yi a bakin ƙofar majami'a aikin Ubangiji ne. Allah ya ƙarfafa iyaye mata da maza, ya raya 'ya'yan da ya danƙa a hannunsu cikin tsoronsa. Amin.